Bencin Inna Kande

Mutanen Ƙofar Jatau sun daɗe da yanke wa Zailani hukunci, wai babban mutum ne da furfura a gemu amma bai bar wasan yara ba. Hukuncin zalunci ne, kuma yawancin masu yanke shi ko ƙusa ba su iya kafawa a bango ta tsaya ba. Zailani gyaran keken ɗinki yake yi, da shi yake ciyar da iyalinsa. Idan ya sallami mai keke na ƙarshe bayan la'asar, sai ya ture kawunan kekuna gefe, ya jawo wani dogon akwati daga ƙarƙashin tebur. A cikin akwatin akwai taragon jirgin ƙasa na fasinja, tsawonsa bai wuce kamu guda ba.

Ko guntu ɗaya na taragon bai saya a shirye ba. Jikin na gwangwanin man gyaɗa ne da ya yanke, ya daddale, ya liƙe da dalma. Wannan bai ba shi wahala ba. Cikin ne ya ci masa shekaru. Rufin yana ɗaguwa kamar murfin tukunya, idan an ɗaga sai a ga bencina suna fuskantar juna, kowanne an jera shi da siraran katako da ya fere da reza. Kantar ɗora kaya da wayar birkin keke ya saƙa ta. Tagogin na robar gorar ruwa ne, kuma suna hawa suna sauka. A ƙarshen taragon akwai makewayi da ƙofarsa da sakatarsa. Da ya gama fenti, sai ya bi bakin kowane benci ya kankare inda zaman mutane ke cinye fenti, domin shi bai taɓa ganin sabon jirgi ba. Wanda ya sani shi ne wanda mahaifiyarsu, marigayiya Inna Kande, take shiga da su suna yara idan za ta kai albasa Kudu.

Ɗakin da yake wannan aiki yana jikin zauren gidansu na gado. Babban gidan shi ne yayansa, Malam Aƙilu, wanda yake karantar da magidanta littattafan fiƙihu a zauren tun daga hantsi har bayan azahar. Mutum ne mai magana ɗaya. Ranar da ya fara ganin taragon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Ƙarfe da katako ba ruwana da su. Amma ka ji ni da kyau, Zailani. Ranar da ka sassaƙa mutum-mutumi, ko ka sa shi a cikin wannan abu, ranar za ka kwashe kekunanka ka nemi wani wuri. Ba a gidan da ake karanta Alƙur'ani ba."

"Na ji, Yaya."

"Ba ji nake tambaya ba. Ka yi alkawari?"

"Na yi alkawari."

A lokacin alkawarin bai yi wa Zailani nauyi ba, don bencina ne a gabansa. Ya fara jin nauyinsa ne ranar da Hajiya Munira ta kawo kekenta gyara.

Hajiya Munira ita ce take zaɓen kayan da za a nuna a wani baje kolin sana'o'in hannu da ake shiryawa a wani babban ɗakin taro a Gyallesu. Ta shigo da kan keke a cikin buhu, ta iske akwatin a buɗe domin gam yana bushewa. Ta manta da keken. Ta sa tabarau, ta sunkuya, ta taɓa taga da farce ta ga ta sauka.

"Malam Zailani, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kuma kana zaune a nan lungu, ba wanda ya sani?"

"Sun sani. Sun ce wasan yara ne."

"Ƙyale su. Ina da tebur guda a tsakiyar ɗaki da ban ba kowa ba." Ta sake leƙawa, sannan ta miƙe ta cire tabarau. "Amma ina mutanen?"

Zailani ya dubi cikin taragon.

"Ni ma na shiga jirgin nan ina yarinya," in ji ta. "Wurin sa ƙafa ba a samu. Naka kuwa kamar gidan da aka tashi aka share. Aikin hannu ya yi, ba ƙarya, amma mutane za su leƙa su ce sannu su wuce. Ba zan ba taragon da ba kowa tebur ɗin tsakiya ba. Ana sayar da 'yan fasinjoji na roba, ƙanana daidai wannan. Zan aiko maka. Ka zaunar da su, in dawo Asabar ta sama in gani."

Ba ta faɗi haka don raini ba. Gaskiya ta faɗa, kuma Zailani ya sani, domin shi ma ya sha ɗaga rufin ya ji shirun ya dame shi. To ga inda ya tsaya: ya cika taragon da mutane ya rasa ɗakin da yake cin abinci a cikinsa, ko ya bar shi wayam aikin shekaru ya koma ƙarƙashin tebur.

Da saƙon Hajiya ya iso, bai bari an shigar da shi gida ba. Ya tare mai Keke Napep ɗin da ya kawo shi a bakin lungu, ya kai ƙunshin rumfar Ɗanladi, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, wanda yake ƙera murhu da mazurari da gwangwani a tsallaken hanya. Suka zazzage ledar a kan faranti. Turawa ne jajaye, wasu da malafa, wasu da jaka a hannu, wata mata da laima, har da wani mai jan kare.

Ɗanladi ya ɗaga matar mai laima da yatsa biyu.

"Allahu Akbar. Ga Gwaggo Kande za ta Ikko da albasa."

"Ajiye, mahaukaci."

"Wannan mai karen kuma Malam Aƙilu ne, ya fito shan iska."

"Bakinka ne zai kashe ka, Ɗanladi. Da gwangwaninka yana da kaifin bakinka da ka yi arziki."

"Ai ni ina da rumfa tawa, ba a ba ni aron ɗaki da sharaɗi ba." Ya rage murya. "Saurara, bawana. Abin ba wuya. Ka shafa musu baƙin fenti, ka naɗa musu rawani da zare. Su kwana a nan wurina. Ranar baje koli ka zaunar da su a can Gyallesu, a tashi ka kwashe su. Gidanku ba su shiga ba, Malam bai gani ba. Wa ya yi asara?"

"Cewa ya yi kar in sa su a ciki. Bai ce kar ya gani ba."

"To wa zai gaya masa?"

"Ni zan sani."

Irin shawarar Ɗanladi ita ce ta lalata sana'a a ƙasar nan: a gyara inda ido yake kaiwa, a bar sauran. Mutumin da ya yi wa makewayin tarago sakata, alhali ba mai buɗe ta, ba zai karɓi irin wannan shawara ba. Ko malamai sun yi saɓani a kan hukuncin 'yan robobin, ba shi ne a gaban Zailani ba. Ya ce ya yi alkawari, kuma maganar namiji ba ta da ƙofar baya. Ya mayar da Turawan cikin leda, ya ce Ɗanladi ya ajiye wa Hajiya kayanta.

Duk da haka ya gwada yayansa. Ya same shi da yamma yana gyara alƙalami, ya zauna ya yi masa bayanin baje kolin tun daga farko. Malam Aƙilu ya saurara har ƙarshe.

"Ina taya ka murna da tebur," in ji shi. "Abin da na faɗa kuwa ban janye ba."

"Ko da na kwali ne, Yaya? Ba fuska, ba ido?"

"Yau ba fuska, gobe a ce a ɗiga ido. Na san yadda abin yake tafiya. Tashi ka je, magariba ta kusa."

Kwanaki suka soma tafiya. Zailani yana gyaran kekuna hankalinsa ba ya wurin. Har wani tela ya dawo masa da keke yana faɗa, ya ce zare yana tsinkewa fiye da da.

Ranar Litinin azahar ta same shi da baƙin mai har gwiwar hannu. Kafin ya wanke, an riga an tafi masallaci. Ya fito daga ɗakinsa da sauri, sai ya tsaya cak a tsakiyar zaure.

Ba kowa a zauren. Amma ga buzun Malam, da littafi a buɗe, da tabaransa a kai don kada iska ta juya shafi. Ga inda Alhaji mai shinkafa yake zama, an san shi da matashin da yake jingina bayansa mai ciwo. Ga ɓarin goro da alamar haƙori a kan wani gafaka. Ga waya a jikin caji. Wani ya bar hularsa a kan tabarma daidai inda iskar ƙofa take shigowa, don kada a riga shi wurin idan an dawo. Zailani ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ga zai iya faɗin sunan kowa da halinsa. Zauren a cike yake, mutanen ne kawai suka fita.

Sai ya tuna wata ƙaramar tasha a daji, inda jirginsu yakan tsaya jiran wani jirgin ya wuce. La'asar takan same su a nan. Tarago ya zube ƙasa gaba ɗaya, masu sallah su yi sahu a gefen dogo, sauran su nufi masu rake da dafaffiyar masara. Kowa kafin ya sauka sai ya ajiye wani abu nasa a mazauninsa. Hula a kan benci ta fi tikiti ƙarfi, ba mai ɗaga ta ya zauna.

Raka'a ɗaya ya samu a masallaci ranar. Da ya rama sauran, gida ya shiga kai tsaye wurin matarsa Sailuba, wadda take ɗinkin hula.

"Maman Hassana, za ki iya ɗinka mini hula kamar ƙwayar wake?"

Ta dube shi, allura a hannu.

"Wa ya haihu? Tururuwa?"

"Guda nawa za ki iya kafin Asabar?"

"Zauna tukuna ka ci abinci, sannan ka yi mini bayani irin na masu hankali."

Ya yi mata. Ta jawo ledar ƙyallayenta ta zazzage a tabarma.

Daga ranar suka raba aiki. Ita ta ɗauki duk abin da yake na zare: huluna, mayafai a ninke, ƙullin kaya da ƙullinsa na gaske, majanyin goyo, wani gwaggwaro na Bayarabiya da ta naɗa da bakin allura. Shi ya ɗauki ƙarfe da katako da totuwar kara. Ya yi akwatin ƙarfe irin na soja, ya yi rediyo da eriyarsa, ya yi kwanon abinci da murfi a karkace, ya fere tsinken tsintsiya ya zama rake da aka sha rabi, ya watsa ɓawon a ƙarƙashin benci yadda marasa tarbiyya suke yi. A kan wani akwati tsakanin bencina biyu ya kifa karta, kowane hannu a gaban mazaunin mai shi, domin 'yan karta ma sukan sauka, ko ba tsoron Allah ko don kunyar mutane. Ya saƙa kejin kaji, amma kaza mai rai ce, saboda haka ya bar ƙofar kejin a buɗe, ya manna ɗan gashi a bakin taga.

Abin da ya fi alfahari da shi butoci ne. Ya narka dalma ya zuba su, ya goge su, kowace da hancinta da mariƙinta, ya jera ɗaya a gindin kusan kowane benci. Yammaci uku suka ci masa. Ranar Alhamis ya ɗauki taragon ya shiga da shi cikin gida don Sailuba ta gani. Ta leƙa, ta jinjina kai, sannan ta kwashe da dariya har ta dafa bango.

"Baban Hassana, ina ka ce mutanen nan suka tafi?"

"Sallah."

"Suka bar butocinsu? Da me za su yi alwala, da yawu?"

Zailani ya kalli butocin.

"Ga tabarmi ma ka naɗe musu a kan kanta," in ji ta. "A kan tsakuwa za su yi sujada? Kai da ka tashi a gidan malamai."

"Yammaci uku, Sailuba."

"Ko wata uku ne. Duk tsohuwar da ta leƙa za ta gane ƙarya ce."

Ya ji zafi, amma bai yi musu ba. Wanda ba ya iya cire abin da ya wahala a kansa idan ya tabbata kuskure ne, ba ma'aikaci ba ne, mai son kansa ne. Ya ɗauki hantsaki ya ɓamɓare butocin ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe tabarmin, ya bi tabon gam ya kankare. A gurbin wasu ya ɗiga ɗan man goge katako, ya zama kamar jiƙon da gindin buta yake bari a ƙasa. Buta guda kawai ya bari.

"Wannan fa?" in ji Sailuba.

"Mai ita alwalarsa ba ta karye ba tun azahar."

"To, wannan na yarda."

Benci ɗaya ne ya rage ba komai a kansa, na ƙarshe, kusa da ƙofa. Ya roƙe ta ƙyallen shuɗin yadi da tafin jar dawa. Ta tambaye shi na mene ne, ya ce za ta gani. Ya koma ɗakinsa ya turo ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Munira ta iso. Ta gaida Malam Aƙilu da ɗalibansa, ta wuce ɗakin Zailani. Ɗanladi ya bar rumfarsa ya biyo ta da ledar Turawa a hannu, wai ya kawo mata kayanta, alhali gulma ce ta kawo shi. Da ta ga ledar a ɗaure fuskarta ta sauya.

"Ba ka sa su ba ke nan."

"Ban sa ba, Hajiya."

"To ai mun gama magana."

"Ki duba tukuna."

Ya ɗaga rufin. Ta sa tabarau ba da son ranta ba.

"Har yanzu ba kowa."

"Sun sauka ne. La'asar ta yi, jirgi yana jiran wani ya wuce. Yanzu za su dawo."

Ta sunkuya. Sannan yatsarta ta soma bin bencina.

"Nan soja ne," in ji ta a hankali. "Nan mai jego ce, ga majanyi. Wannan ɗan ƙauye ne, kazarsa ta tsere ta taga, wayyo. Su kuma waɗannan 'yan karta ne, Allah Ya shirye su." Ta yi dariya. "Mai gwaggwaron nan fa? Ita ma sallar ta tafi?"

"Wataƙila. Ko kuma rake ta je saya."

"Kai, Malam Zailani! Har hayaniyarsu nake ji a waje." Yatsarta ta kai benci na ƙarshe, ta ɗaga murya don murna. "A'a, ga mutum ɗaya bai sauka ba! Ga shi nan kwance an lulluɓe shi, har da takalmansa a ƙasa!"

Karatun zaure ya tsaya kamar an yanke shi da wuƙa.

Malam Aƙilu bai yi sauri ba. Ya rufe littafi, ya miƙe, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ɗalibansa suna leƙe ta bayansa. Ɗanladi ya ɓoye ledar Turawa a bayansa. Malam ya dubi cikin taragon. A kan benci na ƙarshe ga siffar mutum a miƙe, an rufe shi da shuɗin zane tun daga kai har ƙafa, kafaɗa ta ɗan taso, ga 'yan silifa a jere a ƙasa.

"Zailani."

"Na'am, Yaya."

"Mun yi magana da kai ko ba mu yi ba?"

"Mun yi."

"To ka fara ɗaure kekunanka."

Zailani ya ɗauki hantsaki daga kan tebur ya miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, yaye zanen da hannunka. Idan ka ga abin da ka hana, kafin azahar na fita."

Malam ya karɓa. Hannunsa ba na irin wannan aiki ba ne, sai a karo na biyu ya kama gefen zanen. Ya ɗaga.

Buhu ne. Ɗan ƙaramin buhu da aka ɗinke bakinsa, ta wata ɓula ana hango jar dawa a ciki, jajir kamar albasa.

Malam Aƙilu ya tsaya da zanen a bakin hantsaki. Gemunsa ya soma rawa. Ɗalibai suka ɗauka fushi ne, wasu suka ja da baya. Sai wani sauti ya fito masa ta hanci, ya yi ƙoƙarin danne shi ya kasa. Mutanen da suka yi shekaru suna karatu a gabansa ranar suka fara ganin dasashinsa.

"Mara lafiyar Inna," in ji shi. "La ilaha illallahu. Mara lafiyar Inna ce."

"Wace ce kuma?" in ji Hajiya Munira.

Ya goge ido da bakin rawani.

"Mahaifiyarmu, Hajiya. Idan muka shiga jirgi, kafin wuri ya cika sai ta kwantar da buhun albasa guda a kan benci, ta lulluɓe shi da zanenta, ta jera takalma a ƙasa. Duk wanda ya zo zai zauna ta ce masa ƙanwarta ce, zazzaɓi ne, a yi hankali ana ɗauka. Ba mai kusantar wurin. Idan tafiya ta miƙa, gari ya yi sanyi, sai ta sauke buhun ta kwantar da mu a kan bencin, ita ta zauna a ƙasa ta jingina da albasa har gari ya waye."

"Yaya ne mai yi wa buhun fifita," in ji Zailani. "Yana cewa sannu Gwaggo."

Zauren ya ɗauka da dariya. Ɗanladi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"Kai kuma kana kuka da gaske, don ka ɗauka mutum ce," in ji Malam. Ya juya ga ɗalibansa, fuskarsa ta koma yadda suka san ta. "Ban ce daidai ba ne. Ƙarya ce, kuma an hana wasu zama. Allah Ya gafarta mata, Ya gafarta mana da muka taya ta."

Aka ce amin.

Ya sake bin taragon da kallo daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai duba rubutun ɗalibi. Ya ga kejin da ba kaza. Ya ga jiƙon gindin butoci.

"Ba ka karya alkawari ba," in ji shi. "Ɗakinka naka ne."

"Tebur ɗin tsakiya ma nasa ne," in ji Hajiya Munira. "Ɗanladi, riƙe Turawan nan, na bar maka."

"In kai su ina, Hajiya? Ko Hausa ba sa ji."

Malam bai saurare su ba. Yana juya ɗan shuɗin ƙyallen a bakin hantsaki.

"Amma wannan ba daidai ba ne. Inna ba ta taɓa ɗaura irin wannan yadi ba. Saƙi ne nata."

Ya ajiye hantsakin ya shiga cikin gida. Da ya dawo yana riƙe da wani tsohon zanen saƙi, wanki ya cinye shi har ya yi laushi kamar auduga. Zailani bai san yana nan ba. Tun rasuwarta yake ƙasan akwatin littattafan Malam. Ya shimfiɗa gefensa a kan tebur, ya auna faɗin yatsa biyu.

"Kai wa Sailuba ta yanka daga nan, ta kalmashe bakin. Ka ce mata kar ta wuce inda na nuna."

Ranar baje koli Malam Aƙilu ya ɗage karatu, abin da ba ya yi sai don jana'iza. Shi ya rungume akwatin a cinyarsa a cikin Keke Napep tun daga Ƙofar Jatau har Gyallesu, yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Kafin azahar ba a iya ganin tebur ɗin tsakiya saboda mutane. Tsofaffi suna nuna wa jikokinsu inda suke zama, wasu biyu har da gardama a kan ko fanka tana aiki a wancan zamani. Masu cewa wasan yara ne su ma sun zo, sun tsaya a layi kamar kowa, suna gaya wa na kusa da su cewa unguwarsu ɗaya da mai aikin. Zailani ya gaishe su da sunayensu, bai tuna musu komai ba. Yana tsaye yana ɗaga taga yana saukewa ga duk wanda ya roƙa.

Malam kuwa ya sa an kawo masa kujera ya zauna a ƙarshen tebur, daidai benci na ƙarshe. Can wani matashi mai ɗaukar hoto da waya ya hango saƙin, ya miƙa yatsa zai ɗaga ya ga abin da ke ƙasa. Malam ya tare hannunsa da sanda.

"Kar ka tashe ta," in ji shi. "Ba ta da lafiya."